Takabar da Aka Ce Ta Wuce

Gadarif, farkon damina

Zuwa ga Gwaggona Jummare, ungozomar Mafaza,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ki tsaye da ƙafafunki, ko da yake na san gwiwar nan taki ba ta shiri da sanyin damina. Yaya aiki, yaya masu jego? Ni da 'yata Ilaf muna lafiya, alhamdulillahi. Ta yi zazzaɓi amma ya sauka. Haƙorinta na gaba ya fita, yanzu ko dariya za ta yi sai ta kare baki da hannu.

Hamad direban lori ya ce zai bi ta wajenku da albasa, shi ya sa na zauna rubutu. Tun da masu bindiga suka karɓe mini waya a hanya ban sake yin wata ba, ke kuma taki kullum ba shabaka, kira ba ya shiga.

Na san abin da za ki fara tambaya, don haka bari in amsa. Babu labarin mijina, Abu Ilaf. Tun ranar da ya sa mu a mota a unguwarmu ta Mayo a Hartum, ya ce shi zai tsaya tsaron gida har ƙura ta lafa, ban sake jin muryarsa ba. Duk wanda na ji ya sauka tasha daga Hartum sai na tare shi da tambaya. Wasu ma sun gane ni, da sun hango ni sai su girgiza kai tun daga nesa.

Muna nan a makarantar da aka sauke mu. Ajinmu ya cika da iyalai, kowa ya kewaye kusurwarsa da tsohon mayafi. Idan wani ya yi atishawa, aji guda ne ke ce masa yarhamukallah.

Kin sha yi mini tsiya wai Baba ya kai ni kwalejin zane don in koyo ɓata takarda. To, ga sabuwar ɓarna na kawo miki. Na lura mutanen nan sun baro gadaje da tukwane da takardun gida, amma da yawansu sun rungumo agogon bango. Akwai wata daga Jazira da ta fito ba takalmi, amma agogonta na ɗaure a bayanta kamar goyo. Na tambaye ta dalili, ta ce ita ma ba ta sani ba, shi hannunta ya fara kaiwa gare shi.

Sai muka yi shawara da Rania, wadda muka koyar da zane tare a Hartum. Wani ɗan kasuwa ya ara mana mahzan ɗinsa, inda yake tara buhunan riɗi, tunda babu komai a ciki sai kaka. Muka bi aji-aji muna aron agogo. Kowanne sai mu cire masa batir, mu ce wa mai shi ya juya hannayen da kansa, ya tsayar da su inda zuciyarsa ta tsaya. Wata ta ajiye nata a lokacin shayin safe, don ta bar buta a kan wuta ta gudu. Wani tsoho ya kai nasa lokacin da jikokinsa ke dawowa daga makaranta. Wani ɗan ƙwadago Bahabashe da ya shigo ta Gallabat ya kawo nasa, da muka ce ai ba daidai yake ba, sai ya ce mu ne ba daidai ba. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga yini, mu ne muke fara namu cikin duhu kowa na barci. 

A tsakiyar bangon na rataye guda ɗaya mai tafiya. Agogon hannun Abu Ilaf ne, wanda ya ɗaura mini a bakin mota don in riƙa sanin lokacin salla a hanya. Irin na da ne, wanda ake murɗa masa kai kullum da safe, kuma ban taɓa fashi ba.

Ki gaida mutanen gida. Idan da kuka ko daddawa, ki ba Hamad.

'Yarki,
Zubaida


Mafaza

'Yata Zubaida,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na ji daɗin jin lafiyarku. Gwiwa tana nan tana mulkinta, amma ba ta hana ni fita ba. Ki ce wa Ilaf ta daina ɓoye baki, ni ma nawa haƙoran sun fara bin nata, kuma nawa ba za su dawo ba.

Na karanta zancen agogunanki har sau biyu. Wato mutane na neman abin sawa a baki, ke kina kashe musu agogo. Allah ya shirye ki. Amma ba zan ce ba ki da gaskiya gaba ɗaya ba. Kina yarinya lokacin da hukuma ta tashi rana ɗaya ta tura agogon ƙasa gaba, wai don a riƙa sammako. Yara suka dinga tafiya makaranta da duhu suna tuntuɓe, zakara bai san an yi ba. Shekara da shekaru muna haka, sannan aka ce a mayar da shi inda yake. Ni dai a aikina ban taɓa ganin jaririn da ya duba bango kafin ya fito ba.

Sai dai agogo ba ya cika ciki. Ki sa kunne, da an fara ɗaukar mata yankan riɗi a manyan gonaki ki ba da sunanki da wuri, kada 'yan gari su riga ki. Da ina da wuri da na ce ku taho nan, amma gidan ya cika da dangin da suka gudo ta Dindir, har a ɗakin girki ana kwana.

Zancen mijinki Elnour kuwa, addu'a muke. Kada ki saki jikinki. Ki riƙa sa lallenki, kina turara kayanki. Matar da mijinta ke da rai ba ta yawo da farar ƙafa, kada mutane su fara yi miki wani kallo.

Kogin Rahad ya fara cika, hanya kuma ta fara zama taɓo. Idan kin ji ni shiru, laka ce ta riƙe Hamad. Ga kuka da daddawa nan, da ɗan busasshen kifi na Ilaf.

Gwaggonki,
Jummare


Gadarif

Gwaggo,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Saƙo ya iso, Ilaf ta cinye kifin a tsaye. Muna lafiya, sai sauro da ya hana kowa sakat.

Mun buɗe mahzan ɗin, mutane suna ta zuwa, har da 'yan gari. Na zata tsayayyun agogunan ne za su taɓa su. Ashe ba su ba ne. Kowa sai ya je ya tsaya gaban nasa, wani ya yi murmushi ma. Amma da sun zo kan na Abu Ilaf suka ji ƙarar tafiyarsa, sai fuska ta canza. Tsohon nan mai jikoki ya ce mini, “Ya bitti, 'yata, ki kashe wannan. Ina yake sauri zuwa? Mu da muke nan zaune, wa ya aike shi?” Wata kuma ta ce rashin kunya ne a ajiye shi a tsakiyarsu. Rania ta ce wannan fushin shi ne aikin namu ya yi kyau. Ni dai ban ji wani daɗi ba.

Na bi maganarki. An yi biki a filin makaranta, matan ajinmu suka zaunar da ni suka yi mini lalle har idon sawu, aka turara ni da dukhan. Na yi rawa ma, Gwaggo, don Ilaf ta ja hannuna.

Amma in faɗa miki gaskiya, na gaji. Kullum da safe in je in murɗa agogon nan, in dawo in wuce tasha, in dawo in ce wa yarinya Baba yana hanya. Ni ba matar aure ba, ni ba kowa ba. Wani lokaci sai in ji da Allah zai sauke mini wannan kaya ta kowace hanya, in huta, da na gode masa. Ki yafe mini, ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Zubaida


Mafaza, tsakiyar damina

'Yata Zubaida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da Ilaf. Kafin ki ci gaba da karatu, ki nemi wuri ki zauna, ki kira Rania ta zauna kusa da ke.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Elnour ya riga mu gidan gaskiya.

Ɗanmusa maƙwabcinku na Mayo, mai gyaran keke, ya iso nan cikin mutanen da suka ƙetaro daga Sinja. Ya ji ana kiran sunana a asibiti, ya nemo ni. Ya ce Elnour ya fita neman ruwa da safe, harsashi ya same shi a bakin layi, bai daɗe ba. Su uku suka yi masa wanka da salla, suka binne shi a tsakar gidanku, gindin bishiyar lemo, don ba halin zuwa maƙabarta. Na tambaye shi rana, ya ce bai riƙe ba, a lokacin ba wanda ke sanin Asabar daga Lahadi. Abin da ya tabbatar shi ne daminar bara ce, don ƙasar da laushi, ba su sha wahalar haƙa ba. Ya nemi lambarki ya rasa. Allah ya jiƙan Elnour, mutum ne mai kunya da alheri, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Takardarki ta ƙarshe tana hannuna lokacin da labarin ya zo. Na ga inda kika ce kin gaji, kina roƙon Allah ya sauke miki kaya. Sai na ce ba zan aiko miki da baƙin labari shi kaɗai ba. Na je wajen limaminmu na zayyana masa komai. Ya ce takaba daga ranar rasuwa take farawa, ba daga ranar da labari ya iso ba. Wata huɗu da kwana goma sun cika tun bara. Babu zaman ɗaki a kanki, babu farin tufafi, babu komai. Na sake tambayar wani malamin don in tabbata, shi ma haka ya ce.

Kin ga Allah ya ji kukanki. A ajin da kuke ina za ki samu ɗakin kulle? Wa zai ciyar da Ilaf idan kin zauna? Yanzu za ki iya fita yankan riɗi ba mai ce miki uffan.

Mun yi sadaka a nan, an sauke Alƙur'ani, an raba balila, dafaffen hatsin sadaka. Dangi sun so su yi shirin tahowa gaisuwa, na ce su bari, hanya ba kyau, abin kuma ya riga ya daɗe, kada su je su tayar miki da mikin da zai warke. Ki yi haƙuri, 'yata. Ki ci abinci.

Gwaggonki,
Jummare


Gadarif, ƙarshen damina

Gwaggo,

Na gaishe ki. Muna nan da rai.

Takardarki ta daɗe a aljihun Hamad har gefenta ya yi laushi. Motarsa ta kafe a laka, sai da ƙasa ta fara tsagewa aka ciro ta. Wato ko labarin ma sai da ya tsufa a hanya kafin ya same ni.

Gwaggo, me kika yi mini? Na ce na gaji da jira. Ban ce na gaji da shi ba. Kayan da na roƙa a sauke mini rashin sani ne. Shekara tara ina tare da mutumin nan, abu ɗaya ya rage da zan yi masa a duniya, in zauna dominsa, in sa fari, mata su shigo su same ni a tabarma su kira sunansa. Sai aka ce mini wai an riga an yi, an gama, ni ce ban sani ba. Yaushe na yi? Ina ta lissafi kaina na neman fashewa. Daminar bara muna Madani. A cikinta na yi kitso, na sa kwalli, na yi faɗa da mai gida kan ruwan famfo. Wace rana ce a ciki na zama gwauruwa? Me nake yi a lokacin? Ina jin tsoron ko dariya nake.

Lallen bikin nan har yanzu bai gama fita daga farcena ba. Na goge da toka, na goge da lemon tsami, yana nan.

Matan ajinmu sun yi mini gaisuwa, ba zan ce ba su yi ba. Amma tambayar farko ita ce yaushe. Da na ce bara, sai in ga kafaɗarsu ta sauka. “Ayya, ashe an daɗe. Allah ya jiƙansa.” Su dafa ni su koma kan tukunyarsu. Ban ga laifinsu ba, kowace tana da nata sabo. Washegari wata ta aiko in ara mata rariya. Ko mutum ɗaya daga danginmu bai tako ba, yanzu na san dalili.

Na je wajen malamin masallacin kasuwa ko zai faɗi daban. Ya yi mini magana mai daɗi, ya ce rahama ce, ba a ɗora wa rai abin da bai sani ba. Ban yi musu da shi ba, kuma ba na musu da hukunci. Na fito na tsaya a bakin titi na rasa ina zan nufa.

Mai mahzan ya aiko a kwashe, riɗi ya kusa shigowa. Masu agoguna suka zo kowa ya ɗauki nasa. Abin mamaki, kusan ba wanda ya mayar da batir, haka suka tafi da su a tsaye. Da ya rage saura na Abu Ilaf, Rania ta ce, “Zubaida, yanzu kam ki tsayar da shi, kamar na kowa.” Na ciro shi, na kama kan da yatsa biyu. Kowa a garin nan ya san inda zai ajiye nasa hannun agogo, har mai buta a kan wuta. Ni na tsaya ina kallonsa, ban san ina zan kai shi ba. Mai shi ya fi shekara a ƙasa ni ina nan ina murɗa masa kai kowace safiya. Na sa shi a jaka, ya ci gaba da tafiya har ya gaji don kansa.

Ban faɗa wa Ilaf ba tukuna. Ita ma “yaushe” za ta tambaya.

Zubaida


Mafaza

'Yata,

Na karanta. Na ajiye, na sake ɗauka.

Ni na karɓi haihuwarki, na zata na san ki ciki da waje. Na ga kalmar gajiya sai na yi abin da na saba yi wa mai naƙuda, na nemi hanya mafi sauri. Da na sani da na bar dangi sun taho ko da a ƙafa ne. Yanzu na bi su gida-gida, kowa ya ce ai an yi sadaka an gama, ga kaka ta zo, ba mai barin gona.

Na koma wajen liman na ce, to idan ita ta so ta zauna don kanta fa? Ya ce ba wanda zai hana mace zama a ɗakinta, amma kada a kira shi takaba, kada kuma yarinya ta kwana da yunwa saboda shi. Iyakar abin da na samo ke nan.

Na so in taho da kaina. Mata uku ne a kan gwiwa a unguwar nan, ɗaya ɗan ya zo a gicciye, kuma ba wata ungozoma sai ni. Ga farin tob nan na ba Hamad, lulluɓin da na sa lokacin takabar kawunki. Ban san ko ya halatta in aiko ba, ban kuma tambayi kowa ba.

Gwaggonki


Daga gona, kudu da Gadarif, kaka

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan matan nan sun sauka lafiya, musamman mai gicciyen. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi yanzu da ruwa ya ɗauke. Ilaf tana wajen Rania a makaranta, an ce mini tana cin abinci.

Kada ki ƙara sa abin a ranki. Na yi miki magana da zafi, ke kuma alheri kika nufa.

Tob ya iso. Na sa shi, na ja mayafin kusurwata na zauna. Ban yi nisa ba. Kwanon dawa ya ga ƙasa, Ilaf ta fara leƙa tukunyar maƙwabta, sai ga motar gona ta zo ɗaukar masu yanka. Riɗi idan ya nuna ba ya jiran kowa, kwanson ya tsage ya zube a ƙasa, wakilin gona kuma ya ce wadda ba ta hau yau ba ta haƙura sai baɗi. Na hau.

Da tob ɗin nake aiki. Ya daina zama fari tun ranar farko, ƙasar nan baƙa ce. Muna yanka muna ɗaurewa muna jingina dami tun hantsi har rana ta yi ja. Ba wanda ya san ni a nan, ba wanda ya tambaye ni komai.

Sai shekaranjiya, muna hutawa a inuwar tarakta, wata Bahabashiya da ke yanka a layin kusa da nawa ta daɗe tana kallona. Ta girme ni, Larabcinta kaɗan ne. Ta taɓa bakin tob ɗin ta ce, “Rajil?” Wato miji. Na ɗaga kai. Ta ce, “Miten?” Yaushe.

Gwaggo, na buɗe baki in ce bara. Sai na ji na ce, “Jiya.”

Ta yar da laujenta. Ta ɗora hannu biyu a ka ta rusa kuka da yarensu, ta rungume ni har muka faɗi zaune. Sauran matan suka taso, namu da nasu, suka kewaye ni. Wata ta cire mini takalmi, wata ta shimfiɗa buhu ta zaunar da ni, wata ta tambayi sunansa. Na faɗa, da bakina, suka dinga maimaitawa. Na yi kukan da ban yi ba tun zuwan takardarki. Wakili ya busa usur, ba wadda ta motsa, ya sake busawa, sannan suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Suka raba layina a tsakaninsu, suka ce in zauna. Na zauna a kan buhun nan har rana ta faɗi.

Washegari na ɗauki laujena na koma layi.

Iyakar takabar da na yi wa Elnour ke nan, rabin yini, kuma da ƙarya na same ta. Ki tambayar mini liman ko da zunubi a kaina. Idan ya ce akwai, kada ki rubuto mini.

'Yarki,
Zubaida